Abin da ke Shanye Batirin Baba

Maƙwabciyata mai ɗinki ce ta fara ba ni labarin nan, a kan yayarta ne, wadda kowa ke kira Inna.

Ranar da abin ya kai maƙura, Inna na tsaye a bakin kicin ta riƙe ƙugu, tana hararar mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, da ya tura kai cikin motar mijinta Baba. Zuwansa ke nan na ban san nawa ba. Kullum maganar ɗaya ce: rana ta karkata, Baba ya shiga zai ɗauko jikoki daga makaranta, ya murɗa makulli, mota ta ce ƙyat, ta yi shiru.

Baba tsohon direba ne. Da sitiyari ya ci da iyali, da shi ya aurar da 'ya'ya, kuma ba a haifi wanda zai dubi idonsa ya ce ya tsufa ba. Da ya ajiye aiki, abin da ya rage masa a duniya shi ne wannan tsohuwar mota da ɗauko jikokin nan biyu.

To, babban ɗansu ya gaji. A gaban kowa ya faɗa: in motar ta sake barin 'ya'yansa tsaye a bakin makaranta, ko sau ɗaya, zai sayar da ita ya sa su a motar makaranta.

Tun ranar gidan ya zama ba a shiga. Baba ya zagi mai sayar da batir, aka sake sabo, shi ma ya mutu. Ya zagi bakanike. Ya zagi maginin da ya yi ƙofar gida, wai shi ya matse ta har take kankare masa gefen mota. Ko kofin shayi bai tsira ba, wai bakinsa ƙarami ne, shi ya sa ake zuba a tabarma.

Inna kuwa duk haushinta a kan mai wayarin yake. Mutumin nan ya goge kan batir, ya gwada caja ya ce lafiyarta lau, ya tafi, ya dawo. Yau da na'urar awo ya zo. Ya kwance waya ɗaya daga batir, ya haɗa na'urar, ya shiga zare fis ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, akwai abin da ke shan wuta alhali mota na kashe," in ji shi. "Duba allurar nan ka gani."

"Ni zan duba maka? Kai ka faɗa mini, ai aikinka ne."

Inna ta ja tsaki. "Kai ɗan nan, wai motoci sun ƙare ne a garejinka? Kullum ka tashe ta, kullum ta mutu. Ka bar tsoho ya huta mana."

"Inna, ki yi haƙuri, yau sai na kama ɓarawon nan."

"Ɓarawo yana gidanku."

Ya yi dariya, bai ɗago ba. Ita ba dariyar take yi ba. Ji take kamar ta ɗauki na'urar ta jefa a kwata.

Can ya zare wani fis, allura ta kwanta. Ya zagaya bayan mota, ya danna murfin but da tafin hannu, sai ga shi ya ce ƙas. Ashe ba ya rufuwa duka. 'Yar fitilar ciki ke kwana a kunne, ta wuni a kunne, tana tsotsar batir ba wanda ya sani. Ya cire ƙwan, ya sa wa Baba a hannu.

"Ga ɓarawonka. Yanzu ko an bar but a buɗe, ba abin da zai sha batir."

Baba ya lailaya ƙwan da yatsu, ya tashi da faɗa. Jikokin nan ne, in ji shi, su ke jefa jakunkuna ba sa rufewa. Aka haɗa waya da batirin mai wayarin, mota ta tashi da ruri. Baba ya washe baki kamar an yi masa haihuwa. Inna ta shige kicin, ko ruwa ba ta ba baƙon ba, tukwane suka ji a jikinsu.

Da yamma tana bakin ƙofar gida tun kafin lokaci ya yi. Da motar ta shigo, ta fizgo yaran daga ciki, ta shafa kawunansu, ta juya su gaba da baya, tana yi musu faɗan datti.

"Kaka, yau ma wani mai babur ya zage mu," in ji ƙaramar. "Har ya faɗi."

"Marasa tarbiyya," in ji Baba. "Yanzu mutane kamar daga ƙasa suke tsirowa a gaban mota."

Ya kira ɗansa a waya yana ɗaga murya: an gyara, ba mai taɓa masa mota. Inna ta ajiye masa abinci, ta kama hannunsa ta ɗora a bakin kwano.

Washegari da hantsi Baba na kan kujerarsa a tsakar gida, yana fuskantar motarsa. Ya ji an buɗe ƙofarta.

"Me kike yi a nan, uwar yara?"

"Kujera nake goge maka."

Tunda an raba ta da ƙwan but ɗin da ta daɗe tana bari a kunne, sai ta murɗa ƙananan fitilun gaba, suka kama a daidai fuskarsa, ta koma kicin ba ta ko waiwaya ba, don ta san tun bara rabon idanun Baba da ganin abu irin wannan.