Sauron Surukarta

"To, wa ya taɓa jin an yi kiwon sauro?" tsohuwa ta mayar wa ɗanta, tana ɓoye gwangwanin feshi a bayanta. "Na shiga shara, na ji ɗaki yana ƙugi, na fesa. Laifi ne?"

Laifi ne, ta kuma sani. Surukarta ta daɗe tana renon sauron nan a ɗakin bincike. Ta kawo su gida cikin kejin raga ne don gobe za ta kai su taron mata masana kimiyya, inda wata babbar farfesa ke neman mataimakiya. Yanzu ga su zube kamar ganyen shayi. Surukar kuwa, abinci ma ta kawo mata. Da zagi ne, da ya fi sauƙi.

Da magariba tsohuwa ta zauna bakin kwata, ta naɗe hannun riga, kwalba a cinya, tana dakon sauro ya sauka ta kama. Daga ɗaki ɗan yana ta mita, wai ba irinsu ba ne, zazzaɓi kawai za ta kwaso.

"Yi shiru, kana kore min su. 'Yata ba za ta je gaban farfesa hannu rabbana ba."