Kumburi Ne, Ba Ƙiba Ba

Duk garin Tsaskiya, wani tsoho ya ce shi ya riga kowa gani. Ranar da ɗansa ya sayar da shanun gida ya zuba kuɗin a kamfanin wata manhajar waya mai bin sawun dabbobi, cewa ɗan ya yi, "Baba, kullum girma yake, asarar ta ɗan lokaci ce."

"Ɗan nan, ban yi boko ba, amma na ga saniyar da ta ci gyauron dawa. Kumburi ne, ba ƙiba ba."

Kafin kaka, ofishin kamfanin na Batsari ya zama kango. Amma har yau, kowace safiya wayar ɗan sai ta yi ƙara: shanunka sun ƙaru da ɗaya.

Garken kuwa babu ko maraƙi.

"Mai musu," in ji tsohon, "ya sammako ya ƙirga sawun kofato da kansa."