Yudelka da Kujerar Neman Gafara

"Ni da digirina in ba kujera haƙuri? Ba zan yi ba!" in ji Yudelka, tana hararar kujerar da babu kowa a kanta.

Doña Altagracia, malamar ajin matan da kotu ta turo saboda dukan mazajensu, ta ce, "'Yar nan, ɗauka mijinki Wilkin ne zaune a kai. Roƙe shi gafarar taɓaryar da kika maka masa, in sallame ki."

Duk Asabar sai Yudelka ta zo ajin ta ƙi, tana jiran Wilkin ya zo roƙon a sake ta.

Ya kuwa zo, da kwandon mangwaro. Ta jiyo shi ta taga: "Doña, don Allah kar ki sallame ta. Asabar kaɗai nake barci."

Asabar ce ranar cinikin shagonta na gyaran gashi. Shagon ya rufe. Wilkin har tumbi ya ajiye.