Sunaye Ɗari Uku, Ba Lamba Ko Ɗaya

Ga wani misali, ka ajiye shi ko ba don yau ba. An yi wani mai gyaran waya a bakin kasuwa, irin mutanen nan da hannunsu ya iya aiki amma bakinsu ya riga hannun isa. Da matasan unguwarsu suka kafa ƙungiyar ba da jini ga marasa lafiya, shi ya bugi ƙirji ya ce zai gina musu shafin intanet. Ya kuwa gina. Ya maƙala masa 'yar manhajar cike fom: mutum ya rubuta sunansa, da rukunin jininsa, da lambar wayarsa, ya danna, rajista ta adana, ran da buƙata ta taso a kira shi. To, gurbin lambar waya bai yi wa gwanin naka kyau a ido ba. Sai ya cire shi ya sa wani mai ɗan hoton tuta a gefe, ya ja da baya ya kalla, ya ce yanzu aka yi aiki. Abin da bai yi ba shi ne haɗa sabon gurbin da rajistar. Duk wanda ya cike fom, sai rubutu kore ya fito masa, "An karɓa, mun gode," alhali lambar ta zube a hanya kamar ruwan da aka ɗebo a kwando. Shi kuwa adadi kawai yake leƙawa. Hamsin, ɗari, ɗari uku. Har hoton adadin yake ɗauka yana nuna wa mai shayi. Wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya da ke taimaka wa ƙungiyar ta taɓa tsayawa a shagonsa ta ce, "Ɗan nan, ka taɓa cike fom ɗin nan da kanka, ka ga abin da ke isowa?" Ya ce, "Haba Hajiya, maƙeri yana gwada kaifin wuƙa a wuyansa ne?" 'Yan majalisa suka fashe da dariya. Ita kuwa ta gyara mayafinta ta wuce.

Ran wata Talata da hantsi aka kira shi. Yayarsa, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta haihu, jini ya ɓalle mata, kuma nata irin wanda ba a cika samu ba ne. Nasa bai dace ba, na mijinta bai dace ba. Ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, ai mutum ɗari uku ne a aljihunsa. A barandar asibitin ya buɗe cikin rajistar, karo na farko. Mutum tara ne masu irin jinin. Ilu. Talatu. Ɗanjuma tela. Gaban kowane suna, wayam. Da farko ya ɗora wa sabis laifi, ya fita cikin rana yana ɗaga waya sama. Ya kashe, ya kunna. Ya zagi waɗanda suka ƙera manhajar, ya zagi lalacin mutane. Da zagi ya ƙare, sai ya yi abin da dattijuwar nan ta ce: ya cike fom ɗin da kansa, ya danna, koren rubutu ya yi masa godiya. Ya duba rajista. Ga sunansa, babu lambarsa. Gyaran bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Amma lambar da ba ta taɓa shiga ba, a ina za a tono ta?

Suna ɗaya ne kaɗai ke da sana'a a jikinsa, don haka ya hau babur ya shiga gari neman Ɗanjuma tela. Ya fara da kasuwa, layi bayan layi. Aka nuna masa Ɗanjuma uku, babu wanda ya san zancen fom. Sai bayan la'asar ya dace da na huɗu, a wani ɗan shago jingine da katangar bayan asibitin nan da ya baro. Mutumin ya ajiye almakashi, ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba, yana cewa, "Wallahi tun watan jiya nake jiran a kira ni." Da ƙafa suka zagayo. A bakin ƙofa suka iske mijin yayar tsaye, rungume da jaririya cikin zanin uwarta, ba ya kallon kowa. Tela ya tsaya da hannun rigarsa a naɗe, ba wanda ya ce masa ya shigo.

Har yau, kafin mai gyaran wayar nan ya buɗe shago, sai ya cike fom ɗin ya ga lambarsa ta isa. Tana isa kuwa, kullum. Sai dai wadda aka so ta amfana tana ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa masu iya magana suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.