Lambar da Ta Sauka

"Ba zan sha ba, Yaya."

Yayar mijinta, mai kemis a Limanti, ta dangwarar da takardun gwajin jini biyu kusa da ƙwayoyin. "Dubi lambar sinadarin cikin nan. Wancan makon tana sama, yau ta sauka. Laulayin ma ya ɗauke. Cikin ya lalace kamar biyun baya. Ki sha ya fita kafin ya yi miki illa."

"Sai na ji daga bakin asibiti."

"Taurin kai zai kashe ki!"

Mai cikin ta kwashi takardun, ta yafa mayafi, ta tari keke zuwa asibiti ita kaɗai.

Nas ta duba takardun. "Sati goma sha biyu ko? Ai wannan sinadarin hawa yake har wajen sati goma, daga nan ya sauko da kansa. Kwanta."

Nas ta ɗora mata na'ura a mara. Shiru. Can sai ga bugun zuciya, da sauri da sauri.

Mai cikin ta lalubo wayarta ta kira Yaya. Ko sallama ba ta yi ba, ta kara wayar a jikin na'urar, ta bar ɗan ya ba da amsa da kansa.