Gemun Ɗan Mai Faci

To, ɗana, tunda ka ce bana ba za ka kashe ko kwabo a kan kayan tashen yaranka ba, zauna ka ji wani misali. Ban ce tattali laifi ba ne, ka dai saurara.

An yi wani mai facin taya a bakin tasha, mutum ne mai ƙoƙari, ba ya ɓarna, ba ya kuma son ganin ana yi. Da azumi ya kai goma, ɗansa na fari ya zo masa da maganar tashe. Shi da abokansa sun shirya za su fita, shi ne kuma aka zaɓa ya zama tsoho. Yaron ya ce akwai wata mata a bayan layinsu da ke ɗinka gemun auduga a jikin ƙyalle, ta sa masa igiyar roba, a maƙala a kunne, in an gama a cire a ajiye. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Uban ya ce a bar masa wannan, ai gida ba ya rasa tsumma. Ya shiga ɗaki ya zaro wata babbar riga da ta koɗe, ya naɗe hannuwanta. Ya ɗauko tsohon rawani, ya yanko sanda daga jikin darbejiya, ya cusa tsummoki a bayan rigar ta yi ƙusumbi. Ya farke wani matashin kai da aka daina kwana a kansa ya kwaso auduga. Har nan babu mai ganin laifinsa, maƙwabta ma da suka leƙo sai da suka yaba. Saura abin da zai riƙe audugar a haɓa. Matarsa ta ce ya ba ta kuɗin zare da roba ta ɗinka, ko a sayo ɗan ƙaro a jiƙa. Ya ce, "Ga gam ina da shi gwangwani guda a rumfa, kuma in sayi ƙaro? Abin da ya riƙe tayar tirela ai zai riƙe auduga." Da la'asar ya zo da gam ɗin facinsa, ya shafa wa yaron tun daga kunne zuwa kunne, ya bar shi ya sha iska kamar yadda yake yi wa tub ɗin taya, sannan ya danna audugar da babban yatsa.

Gemu kuwa ya yi kyau. Bayan shan ruwa yaran suka fita, duk gidan da suka shiga mata sai sun riƙe ciki don dariya. Na sauran yaran unguwa da suka yi shigar tsoho yana zamewa in sun yi tsalle, nasa ko gezau. Haɓar ta fara yi masa zafi tun a gida na biyu, amma ya ga ana zuba musu gero da alewa, sai ya daure. Da suka dawo uwar ta kama gefen gemun ta ja, yaron ya ƙwalla ƙara. Aka sa ruwan ɗumi, bai saki ba. Aka sa man gyaɗa, bai saki ba. Uban ya ce shi ya san maganin gam, ya jiƙa tsumma da fetur ya goga, fatar da ta riga ta yi ja ta ɗauki raɗaɗi, yaron na ta birgima a tabarma. Da ya ga abin na neman jan lokaci sai ya sa a riƙe masa yaron, ya fizge. Audugar ta fito, ta fito da fata. Kafin gari ya waye fuskar ta kumbura har bakin ba ya buɗuwa sosai. Mai kemis ya duba ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi asibiti. A can aka wanke, aka naɗe, aka rubuta allurai, aka ce a riƙa dawowa ana canja bandeji. Lokacin kuwa shi ne kakar masu faci, motoci na ta zirga-zirgar kayan Sallah, shi kuma rumfarsa a rufe, yana zaune a bencin asibiti. Abin da ya tara don ɗinkin yara ya tafi a magani, ya haɗa da sayar da famfon iskarsa guda. Ranar Idi yaran gidan suka fita da kayan bara, babban yana tafe da farin ƙyalle ɗaure a haɓa, bai iya tauna naman da aka soya ba.

Yaron ya warke, ya girma, ya yi aure. Da gemunsa na gaskiya ya fito, sai ya tsiro a gefe da gefe, ya bar fili a tsakiya inda tabon yake, gashi bai taɓa fitowa a wurin ba. Shi ya sa kullum yake aske shi.

Saboda haka ka buɗe adakarka, ka ba su tsohuwar riga, ka farke matashi, duk wannan daidai ne. Amma in aka zo kan ɗan abin da dole sai an saya, ka sa hannu a aljihu ka saya. Hausawa na cewa garin neman ƙiba akan samo rama.