Ƙuri'ar Tudun Gawo

Tun da babbar ƙasar nan ta ƙetaren teku ta yi dokar cewa duk garin da jiragenta marasa matuƙi ke shawagi a kansa yana da ƙuri'a ɗaya a zaɓen shugabanta, mutanen Tudun Gawo suka damƙa tasu a hannun Baba Jatau. Ɗansa ne jirgi ya kashe a gona bisa kuskure, damina uku da suka wuce.

Ranar zaɓe sama ta yi tsit, har kaji suka rasa abin da ke damunsu.

Wakiliyar ɗan takarar da ya yi alkawarin janye jiragen ta iso gidan Baba Jatau tare da wani tafinta, tana riƙe da wani ƙaramin akwati mai magana. Ta danna shi, ya yi ta'aziyya da Hausa tsantsa, har da addu'a.

"Akwati ya gaishe ni," in ji Baba Jatau. "Ku tashi."

"Yaya, don Allah," in ji ƙanwarsa Laraba. "In ba ka jefa kafin la'asar ba, jiragen nan za su ƙara shekara huɗu a kanmu."

"Wanda bai zauna mini gaisuwa ba, ba ya roƙona komai."

Tafinta ya fassara. Matar ta kashe akwatin, ta tuɓe takalmi, ta zauna a ƙasa. Da ƙyar ta haɗa kalmomin: "Baba, ya haƙuri?"

"Da godiya. Sunansa Ɗanlami. Faɗi."

Harshenta ya karkace. Ya sa ta maimaita har sai da ta iya.

"Laraba, ba baƙuwa ruwa," ya ce. "Sannan a nuna mini inda ake dangwalawa."